Me Ke Hana Binciken Tattalin Arzikin Noma Fita Daga Harabar Jami'a?

A shekarar 2014 wasu ma'aikatan Bankin Duniya su biyu suka bi diddigin yadda jama'a ke amfani da rahotannin manufofi da bankin ya ɗora a shafinsa na intanet tsakanin 2008 da 2012, sai suka tarar cewa kimanin kashi 31 cikin ɗari na rahotannin babu wanda ya taɓa sauke su ko da sau ɗaya, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari babu wani rubutu da ya taɓa kafa hujja da su. Abin lura shi ne, waɗannan rahotanni an rubuta su ne musamman domin ministoci da jami'an gwamnati, an kuma ajiye su kyauta ga duk mai so. Idan har wannan ce makomar rubutun da aka yi da nufin a yi aiki da shi, to, ina ga maƙalar da masanin tattalin arzikin noma ya cika da lissafi ya buga a mujallar ilimi, wadda sai an biya kuɗi kafin a buɗe ta, kuma ko an buɗe sai takwaransa ne zai fahimci abin da take faɗa?

Asalin wannan fanni bai san irin wannan rata ba. A Amurka, inda ya fi saurin kafuwa, dokar Morrill ta 1862 ce ta ba jihohi filaye domin su kafa kwalejojin noma, dokar Hatch ta 1887 ta samar da tashoshin gwaji, sannan dokar Smith-Lever ta 1914 ta kafa aikin malaman gona da ke haɗa kwaleji da manomi. Masanin farko na tattalin arzikin noma ya tashi ne a cikin wannan tsari, don haka tambayoyinsa daga gona suke zuwa: nawa aka kashe aka noma wannan fili, wane amfani ya fi riba, bashi nawa gona za ta iya ɗauka ba ta durƙushe ba. Ko aikin Zvi Griliches na 1957 a kan yaɗuwar ingantaccen irin masara, wanda har yau ake koyar da shi a matsayin gwanintar lissafi, amsa ce ga tambayar da kowane jami'in gona zai gane, wato me ya sa manoman wata jiha suka karɓi sabon iri cikin 'yan shekaru, na wata jihar kuma suka yi ta jan ƙafa. Amsar da ya samu ita ce riba: inda sabon irin ya fi biyan manomi, can kamfanonin iri suka fara shiga, can kuma manoma suka fi saurin karɓa.

Abin da ya sauya daga baya shi ne ma'aunin da ake auna masani da shi. Ƙarin girma a jami'a, da samun kujerar farfesa, da kuɗin bincike, duk sun rataya ne a kan yawan maƙalu da darajar mujallar da suka fito a ciki. Mujallar kuwa sabuwar dabara take nema, da tambayar da za a iya amsawa da tabbaci mai tsauri, ko da tambayar ƙarama ce. Matashin malami da ya shafe wata shida yana taimaka wa ƙungiyar manoma ta gane ko gina rumbun ajiya zai biya ta, ya yi aiki mai amfani, amma ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna babu gurbin da za a rubuta wannan aikin. Ba mugunta ba ce daga kowa. Mutane ne masu hankali suke bin ladan da aka ajiye musu, kuma masanin tattalin arziki ne ya kamata ya fi kowa gane hakan, tun da shi ne ke koya wa ɗalibai cewa manomi yana bin farashi.

Maganin da aka fi yawan bayarwa shi ne a gyara hanyar isar da saƙo: a taƙaita bincike zuwa shafi biyu, a yi hira da 'yan jarida, a zana alƙaluma yadda ido zai ɗauka, a yi taron gabatarwa. Duk wannan yana da kyau, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Sai dai a ganina yana zuwa ne a makare, domin binciken da tun farko ba a gina shi a kan wata shawara da wani ke shirin yankewa ba, ko an taƙaita shi zuwa layi ɗaya babu wanda ke jiran sa. Amfanin bincike yana farawa ne daga inda tambayarsa ta fito, kuma rikicin shinkafa na 2008 ya nuna hakan ƙarara.

Daga ƙarshen 2007 zuwa tsakiyar 2008 farashin shinkafa a kasuwar duniya ya ninka kusan sau uku, har ya haura dala 1,000 kan kowane tan, alhali noman shinkafa a duniya bai faɗi ba. Tsoro ne ya tuƙa kasuwar. Indiya ta taƙaita fitar da shinkafarta a watan Oktoba na 2007, Biyetnam ta bi sahu, Filifins wadda ta fi kowa sayen shinkafa daga waje a lokacin ta shiga saye ko ta halin ƙaƙa, sannan 'yan kasuwa da magidanta a ƙasashe da dama suka fara ɓoye abin da ke hannunsu domin gudun gobe. A watan Mayu na 2008 masana biyu, Peter Timmer da Tom Slayton, suka fitar da gajeriyar takarda ta 'yan shafuka ta hannun wata cibiyar nazarin ci gaba da ke Washington. Sun nuna cewa Japan tana da kimanin tan miliyan 1.5 na shinkafa jibge a rumbuna, wadda take saye daga waje kowace shekara domin cika alkawarin da ta ɗauka a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ba don mutanenta suna buƙatarta ba, kuma ba za ta iya sake sayar da ita waje ba sai da amincewar Amurka, wadda kaso mai yawa na shinkafar daga wurinta ya fito. Takardar ta isa majalisar dokokin Amurka da manyan jaridu, gwamnatin Amurka ta nuna ba za ta hana ba, a farkon watan Yuni kuma firaministan Japan, Yasuo Fukuda, ya sanar a taron ƙoli kan abinci a birnin Rum cewa ƙasarsa a shirye take ta saki fiye da tan 300,000. Cikin 'yan makonni farashi ya juya ya fara sauka. Wasu dalilan sun taimaka, ciki har da sabuwar kakar da ta shigo da komawar wasu masu fitarwa kasuwa, amma sanarwar ta karya tsoron da ke sa kowa riƙe buhunsa, tun kafin wani jirgin ruwa ya tashi da shinkafar Japan.

Babu sabuwar dabarar lissafi a cikin wannan takarda, kuma da wuya wata babbar mujallar ilimi ta karɓe ta. Abin da ke cikinta shi ne sanin kasuwa na shekaru masu yawa, domin Timmer ya daɗe yana ba hukumar abinci ta Indunusiya shawara, Slayton kuma ya shafe rayuwar aikinsa yana bin cinikin shinkafa ƙasa-ƙasa. Sun san inda shinkafar take, sun san igiyar da ta ɗaure ta, sun san ofishin da zai iya kwance igiyar, sun kuma faɗa a makon da masu mulki ke neman mafita ido rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma masanin da zai fara tattara bayanai ranar da bangon ya tsage, kafin ya kammala an riga an toshe. Maƙalar mujalla kan ɗauki shekara biyu ko fiye tsakanin miƙawa da bugawa, kasafin kuɗi kuwa shekara-shekara ake yin sa, shuka kuma ba ta jiran kowa. Saboda haka masanin da ke son a ji shi dole ya riƙe wata kasuwa ko wani amfanin gona tsawon lokaci, yana binsa ko babu rikici, abin da tsarin tallafin bincike na shekara uku-uku ba ya ƙarfafawa.

Akwai kuma tambayar da ke fitowa daga kallon manomi da idon basira. Tun 1964 Theodore Schultz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1979, ya yi jayayya da masu ɗaukar ƙaramin manomi a matsayin jahili mai taurin kai, ya ce talaka ne amma ya iya sarrafa ɗan abin da ke hannunsa. Wanda ya yarda da wannan, idan ya ga manomi ya ƙi bin shawarar hukuma, shawarar zai fara tuhuma. Haka Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson suka yi a yammacin Kenya, inda suka yi gwaje-gwaje a gonakin masarar manoma da kansu. Sun tarar cewa ɗan takin zamani kaɗan, rabin ƙaramin cokali a gindin kowace shuka bayan ta tsiro, yana da riba mai kyau, amma cikakken tsarin taki da iri da ma'aikatar gona ke ba da shawara a kai ba ya biyan manomi a matsakaici. Ashe ƙin bin shawarar yana da hujja. Saura tambaya ta biyu: me ya sa ko ɗan kaɗan ɗin mai riba da yawansu ba sa sawa? Manoman da kansu suka ba da amsa, cewa suna da niyya, amma kuɗi yana hannu ne lokacin kaka, lokacin sa taki kuwa an riga an kashe shi a wasu buƙatu. Sai masu binciken suka gwada sayar musu da takardar karɓar taki nan take bayan girbi, tare da kai musu takin gida kyauta. Wannan ɗan rangwame a kan kari ya ƙara yawan masu sa taki daidai da abin da ragin rabin farashi ke yi idan aka bayar da shi daga baya. Sakamako ne da mai sayar da kayan noma, ko bankin manoma, ko ƙungiyar gama-kai za su iya ɗauka su yi aiki da shi gobe, ba tare da sun jira wata doka ba.

Inda gwamnati ce mai yanke shawarar, lamarin ya fi wuya, domin hujjar ilimi murya ɗaya ce a cikin muryoyi da yawa. Bayan mummunar kakar 2005, gwamnatin Bingu wa Mutharika a Malawi ta fara raba wa ƙananan manoma takardun sayen taki da iri a farashi mai rahusa, duk da cewa manyan masu ba ƙasar tallafi ba su so ba. Noman masara ya ƙaru, shirin ya samu karɓuwa a wurin masu jefa ƙuri'a, kuɗin da yake ci kuma ya yi ta hawa har ya kai kimanin kashi 16 cikin ɗari na kasafin ƙasar a 2008/09, lokacin da takin zamani ya yi tsada a duniya. Masanin da ya je wa minista da shawarar a soke irin wannan shiri, ko lissafinsa daidai ne, ya san amsar da zai samu tun kafin ya zauna. Binciken da ya fi samun kunnen sauraro shi ne wanda ya karɓi shirin a matsayin abin da ya zo ya zauna, ya tambayi yadda za a rage ɓarna a cikinsa. Wani nazari da aka buga a 2011 ya gano cewa kowane kilo na takin tallafi yana rage abin da manoma za su saya da kuɗinsu da kimanin kilo 0.22, kuma ragin ya fi yawa a wurin manoma masu hali, waɗanda ko babu tallafi za su saya. Wannan alƙalami ne da jami'i zai iya amfani da shi wajen tsara wa za a ba takarda da wa za a bari, ba tare da ya jefa ubangidansa cikin rikicin siyasa ba. Wasu na kallon haka a matsayin sassauci da ya yi yawa daga ɓangaren masani. Ni dai ina ganin sanin abin da zai yiwu a siyasance wani ɓangare ne na sanin tattalin arzikin noma, kamar yadda sanin ƙasa da ruwan sama yake.

Sai dai a ji masani da yawa ma yana da nasa haɗarin, kuma ba a cika faɗar wannan ba a tarukan da ake kukan an yi watsi da bincike. Babban nazarin da Anne Krueger da Maurice Schiff da Alberto Valdés suka jagoranta a ƙasashe 18 masu tasowa ya nuna cewa tsakanin 1960 da 1984 manufofin gwamnatoci sun tauye farashin da manoma ke samu da kimanin kashi 30 cikin ɗari, kuma mafi yawan tauyewar ta zo ne a fakaice, ta hanyar ɗaga darajar kuɗin ƙasa fiye da ƙima da kuma kare masana'antu. Binciken gaskiya ya faɗa, ya kuma ƙarfafa gyare-gyaren da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka matsa a yi a shekarun 1980 da 1990. Amma da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona aka janye tallafi, a yankuna da dama masu nisa da hanya 'yan kasuwa ba su cike gurbin ba kamar yadda aka zata, manomi ya wayi gari babu mai ba shi taki bashi, babu kuma tabbacin mai saye. An ɗauki gano cuta a matsayin takardar magani, an kuma shafa wa ƙasashe mabambanta magani iri ɗaya. Masanin da ya fita daga jami'a yana ɗauke da nauyin faɗar iyakar abin da ya gano, a ina aka auna, a wace shekara, a kan waɗanne manoma, ko da mai sauraro ya fi son amsa guda tak. Nauyin yana ƙaruwa idan wanda ya biya kuɗin binciken yana da ra'ayi a kan sakamakon, ko gwamnati ce, ko kamfanin iri, ko gidauniya. Shi ya sa tsarin da Meziko ta bi a shirin Progresa na 1997, mai ba iyalai matalauta tallafin kuɗi, ya zama abin koyi: an zaɓi ƙauyuka 506, aka fara shirin a 320 ta hanyar ƙuri'a, sauran 186 suka jira, sannan aka miƙa aikin tantancewa ga cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI daga waje. Da mulki ya koma hannun wata jam'iyya a 2000, shirin bai mutu ba, sunansa kawai aka sauya daga baya.

Wani abin da masana ke rainawa, alhali shi ne jama'ar waje suka fi amfani da shi, shi ne alƙaluma na yau da kullum. Rahoton wata-wata na ma'aikatar gona ta Amurka a kan hasashen samarwa da buƙatar amfanin gona a duniya yana motsa farashi cikin daƙiƙoƙi da fitowarsa, shi ya sa ake haɗa shi a ɗaki kulle, an yanke wa ma'aikatan duk wata hanyar magana da waje har sai an sake shi. Wannan tsauri ya samo asali ne tun 1905, lokacin da aka kama wani jami'in ƙididdiga yana yi wa ɗan kasuwar auduga ishara da labulen taga. Babu maƙalar da aka taɓa tsarewa haka. A ɗaya gefen kuma, inda alƙaluman ba su da inganci, kowane gini da aka ɗora a kansu yana iya karkacewa. Masana sun shafe shekaru da dama suna muhawara a kan dalilin da ya sa ƙananan gonaki ke ba da amfani mai yawa a kowace hekta fiye da manya, kuma an kafa hujja da hakan wajen tsara manufofin rabon filaye. Da aka fara auna gonaki da na'urar GPS a binciken gidaje na Bankin Duniya a ƙasashen Afirka, sai aka ga masu ƙananan filaye sukan faɗi girman da ya wuce gaskiya, masu manya kuma su rage. Da aka je Habasha da Yuganda aka yanki amfani a gona aka ɗora a sikeli maimakon a tambayi manomi nawa ya girba, sai fifikon ƙaramar gonar ya ragu ƙwarai ko ya ɓace. Ma'aikacin da ya tsuguna yana auna masara a gona ya gyara muhawarar da lissafi mai zurfi ya kasa warwarewa, kuma irin wannan aiki shi ake fara yanke wa kuɗi idan kasafi ya matse.

Gwamnati ma ba ita kaɗai ce mai buƙata ba. A Janairun 2010 cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi, tare da masana daga jami'ar Cornell da kamfanonin inshora, ta ƙaddamar da inshorar dabbobi ga makiyayan Marsabit a arewacin Kenya, wadda ke biyan diyya idan hoton tauraron ɗan'adam ya nuna ciyawa ta ƙone fiye da wani mizani, ba sai an je an ƙirga mushe ba. An fara biyan diyya bayan farin 2011, kuma a 2015 gwamnatin Kenya ta gina nata shirin a kan wannan tsari. Lissafin da ya haɗa koren ciyawa da mutuwar dabbobi shi ne kashi mafi sauƙi. Mafi wuya shi ne shawo kan kamfanin inshora ya shiga yankin da ba shi da ofis, da horar da wakilai, da samar da nau'in da ya dace da shari'ar Musulunci ga makiyaya Musulmi, da bayyana wa mutum dalilin da zai sa ya rasa awaki amma bai samu ko sisi ba saboda mizanin yankinsa bai faɗi ba. Sayen inshorar da kuɗin aljihu ya kasance ƙasa da yadda aka yi fata, kuma wannan ma sakamako ne da aka rubuta aka koya daga gare shi. Shekaru na irin wannan ɗawainiya ba sa haifar da maƙalu daidai da lokacin da suka ci.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin gyara ma'aunin. A Birtaniya, tsarin tantance binciken jami'o'i na 2014 ya ware kashi 20 cikin ɗari na maki ga tasirin bincike a wajen jami'a, aka ɗaga shi zuwa kashi 25 a zagayen 2021, kuma kuɗin da gwamnati ke raba wa jami'o'i yana bin wannan maki. Hakan ya sa shugabannin sassa sun fara daraja malamin da ke zama da ƙungiyoyin manoma da kwamitocin majalisa. Amma tsarin yana neman labari mai kai da gindi, daga maƙala kaza zuwa doka kaza, tare da wasiƙar shaida daga wanda ya amfana, alhali mafi yawan tasirin wannan fanni ba haka yake tafiya ba. Wani yana bi ne ta ɗalibin da aka koyar shekara ashirin da suka wuce, wanda yanzu shi ke rubuta wa minista takardar shawara. Wani kuma yana faruwa ne a ganawar rabin sa'a da masani ya nuna wa jami'i cewa hana fitar da hatsi zai karya farashi a hannun manomi ya sa a rage shuka a baɗi, jami'in ya fasa kai takardar gaba. Manufar da ba a aiwatar ba ba ta barin lamba ko kwanan wata da za a cike a fom, kuma jami'in da ya fasa ba zai rubuta wasiƙar shaida yana cewa ya kusa yin kuskure ba.